Rigar da Altine Ta Hana a Auna

Altine mai fura ta fi shekara ashirin tana kawo mini ɗinki, kuma ban taɓa jin ta kira sunan ɗanta na fari ba. Ni tela ce a Limawa. Sunana Rukayat, amma Maman Yisa kowa yake ce mini. Iyayena mutanen Bida ne, a nan Minna aka haife ni, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya riƙe magana. Wataƙila shi ya sa muka shaƙu da ita, don ita magana sai an ciro ta daga bakinta kamar ƙaya. Wannan shirun nata ne ya kusa kai ta kabari, kuma har yau ban sani ba ko mun tare abin a kan lokaci.

A ruga aka haife ta, can hayin kogin Chanchaga. Ta auri Garuba, wani dillalin shanu mai fara'a, suka zauna a can har gidaje da gonaki suka cinye musu wurin kiwo, sannan suka tattaro suka kama ɗaki biyu a bayan layinmu. Da farko yawo take yi da ƙwarya a ka, daga Limawa har Tunga da ƙafa. Daga baya na ce ta riƙa zama a gindin mangwaron da ke gaban shagona, tun da inuwar ba tawa ba ce balle in yi rowarta. Ba ta kiran mai saye, ba ta tsawwala wa kowa, kuma kindirmonta bai san ruwa ba. Masu keke napep su suka fi yi mata ciniki, ga su da surutu, amma a gabanta sai ka ga sun nutsu kamar a gaban malamin allo. Da Garuba ya rasu a haɗarin mota a hanyar Suleja, da wannan ƙwaryar ta riƙe yara har suka girma.

Ɗan farin nata Siddiq ne. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda suke yi, don haka kakar yake kira Inna, ita kuma Altine ya ce mata Adda, wato yaya ke nan. Ita kuwa in dole ta kama ta yi zancensa, sai ta ce "wancan na Inna". In ya zo gaishe ta, nan take za ta samo abin yi, ko wanke ludayi ko gyara faifai, ta amsa da kalma biyu tana kallon ƙasa. Na sha tsokanarta. Nakan ce mu ma Nufawa muna da kunya, amma tamu ba ta kai ta uwa ta riƙa gudun ɗanta kamar ta ci masa bashi ba. Sai ta yi murmushi kawai. Amma ni na san inda man shanu mai kyau yake zuwa. Takan ware shi ta ba autarta Zakiyya ta kai masa, ta ce a ce masa wanda ya yi kwantai ne.

Siddiq ya yi karatu har ya samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani babban asibiti a Abuja. A unguwa Likita muke ce masa, ko da yake ya gaji da gaya mana shi ba ya duba marasa lafiya, nama da jini yake dubawa. Yana kuma wani bincike na babban digiri a kan sankarar mama. Mu dai ba mu san kansa ba, sai a watan Oktoban bara, da wani gidan rediyo na garin nan ya gayyace shi ya yi wa mata bayani da Hausa. Zakiyya ce ta kawo labari. Ranar na tsayar da keken ɗinki, na ƙure muryar rediyo, mata suka cika mini shago. Altine tana gindin mangwaro ta juya mana baya, wai ita ba ruwanta, alhali ludayi ɗaya take ta wankewa tun da aka fara shirin.

Gaskiya yaron ya iya bayani. Ya ce a jikin kowa akwai ƙwayoyin garkuwa, waɗanda aikinsu shi ne su farauto duk abin da ya lalace su kashe. A cikinsu kuma akwai wasu 'yan kaɗan masu tsawatarwa, su ne ke ce wa sauran ya isa haka, don kada su wuce gona da iri su afka wa jikin kansa. Ya ce ba don masu tsawatarwar nan ba da jikin mutum ya cinye kansa, don haka ba mugaye ba ne. Sai dai ita sankara tana da wayo. Takan saki wasu sinadarai da ke janyo su, su taru kewaye da ƙullutun, duk ƙwayar da ta zo yaƙi su kwantar da ita. Ƙullutu yana girma, jiki kuma ya yi shiru kamar lafiya lau. Ya ce a wasu nau'o'in ciwon, in aka ga sun yi yawa a cikin ƙullutu, abin yakan fi wuyar sha'ani, a wasu kuma ba haka ba ne, shi ya sa har yanzu ake bincike. Ya roƙi mata kada su jira zafi, don sau da yawa abin ba ya zafi da farko.

Mai gabatarwa ta tambaye shi yadda yake ganin waɗannan ƙwayoyi. Ya ce in mace ta je asibiti, ana ɗiban ɗan nama daga ƙullutun a aika ɗakin gwaji. Ya ce daga Minna da Suleja da Bida ana kawo musu da yawa, shi da hannunsa yake yanka shi siriri, ya fi bawon albasa, ya rina shi, ya sa a madubin ƙara girma ya ƙirga su.

Ana cikin haka na ga Altine ta miƙe ta haɗa ƙoranta, ga fura ba ta ƙare ba, ta tafi gida. Muka kwashe da dariya. Duk mun ɗauka kunya ce ta jin ɗanta na fari yana ambaton mama a rediyo duk gari yana ji. Na yi kwanaki ina tsokanarta da haka.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa a hankali. Ta koma sa babban hijabi, har a zafin watan Maris da ko ƙadangare ke neman inuwa. In za ta ɗaga ƙwarya sai ta kira Zakiyya. Da ƙaramar Sallah ta matso ba ta shigo awo ba, ta aiko da atamfa da tsohuwar riga, wai in bi ta in ƙara faɗi kaɗan. Na yi, aka dawo da ita wai ta matse a hammata. Na buɗa, aka sake dawowa da ita. Raina ya ɓaci, don ni a Limawa ba a maido mini ɗinki sau biyu. Da babbar Sallah ta zo aka sake aiko da yadi da tsohuwar riga, na fita da tef a wuya na tsaya a kanta. Na ce ko ta shigo in auna ta, ko ta kai ɗinkinta Tunga wurin masu ɓata wa mutane yadi. Ta ce ba ta da lokaci. Na ce Zakiyya za ta tsare mata furar har ta fito. Da ta ga mutane sun fara kallonmu, ta tashi ta bi ni bayan labule.

Ina zagaya tef ta ƙirjinta ta ɗauke numfashi. Bayan hannuna ya taɓa wani abu a gefen hagu, mai tauri kamar ɗanyar gwaba. Ban nemi izini ba, na ɗaga rigar. Fatar wurin ta yi kauri ta yi 'yan ramuka irin na bawon lemo, ga wani baƙin magani an shafa yana warin hayaƙi. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin ranar rediyo, amma lokacin bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma har ta yi niyyar zuwa asibiti a makon.

Na ce to me ya hana ta.

Ta daɗe tana gyara ɗaurin zaninta, sannan ta ce, "Ai kin ji shi da kunnenki, Maman Yisa. Wurinsa ake kaiwa. A yanko daga nan a miƙa masa a hannu, ya sa ido ya duba? Gara in tafi da abina a rufe."

Na saki rigar. Magana kuwa ta zo mini da yawa. Na yi mata tatas. Na kira Zakiyya, ashe ta sani tun tuni, ita ke zuwa ruga karɓo maganin shafawa, uwar ta ce in ta faɗa wa wani ba ta yafe ba. Har da wasu ƙwayoyi masu tsada suka saya wurin wata mata a Tunga, wai na ƙara garkuwar jiki. Na ce wa yarinyar, ita da uwarta da duk wanda ya sani ya yi shiru, ba su da maraba da masu tsawatarwar nan da yayanta ya faɗa, sun kewaye ciwo suna hana a taɓa shi. Ta fashe da kuka. Altine ta kama hannuna ta ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na ce ba zan rantse ba, kuma in ta ga dama ta ɗauke ƙoranta daga gindin mangwaron, amma yau ɗin nan zan kira Siddiq.

Ranar Asabar ya iso. A waya ban gaya masa komai ba, na ce dai ya zo shagona kafin ya shiga gida. Ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, na ba shi kujera. Daga nan kuma sai abin da na raina a wurin Altine ya kama ni. Yaron nan a gabana ya girma, ni na ɗinka masa rigar makaranta ta farko, yanzu kuma ni zan buɗe baki in yi masa zancen ƙirjin uwarsa. Na tambaye shi hanya, na tambaye shi aiki, na sake tambayarsa hanya. Kunya ta rufe ni har gumi ya keto mini. A ƙarshe na jawo mutum-mutumin da nake rataya riguna a kai, na ɗora yatsa a gefen hagunsa, ina kallon bango na ce Addarsa tana da ƙullutu a nan, kuma ya girma.

Bai firgita ba, ya shiga tambaya irin ta masu aikin. Girmansa, taurinsa, yadda fatar take, ko yana motsi. Ina ba shi amsa fuskarsa tana canzawa. Sannan ya tambayi abin da nake tsoro, wato me ya sa ba a je asibiti ba tun yana ƙarami. Na so in ce tsoron wuƙa ne, kamar yadda mata da yawa ke yi. Amma in na yi ƙarya ba za a samu hanyar lallashinta ba, don haka na gaya masa yadda ta faɗa, kalma da kalma.

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ce naman da ake kawo musu don bincike ba ya zuwa da suna, lamba ce kawai a jiki, kuma ɗakunan gwaji suna da yawa a ƙasar nan. Ya ce shi ya faɗi haka ne don mata su san masu dubawar suna kusa, 'ya'yansu ne, kada su ji tsoro.

"Na yi wa matan gari duka magana, Mama," ya ce, "ban tuna yadda tawa uwar za ta ji ba."

Ban taɓa jin ya ce mata uwa ba sai ranar. Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar kallonsa, sai na kama gyara zaren keke wanda ba abin da ya same shi.

Lallashin ya ɗauki yini guda. Ita tana cikin ɗaki, shi yana tsaye a bakin ƙofa ya juya wa labule baya, Zakiyya tana kai magana tana kawowa, alhali duk suna jin juna. Ya ce likita mace zai samo. Aka ce ba wannan ba ne. Ya ce za a aika naman zuwa wani gari daban, inda ba shi da ko aboki. Sai Zakiyya ta fito da sharuɗɗa. Ba zai shiga ɗakin likita ba. Ba zai kalli hoto ko sakamako ba. Ba zai kira likitar a waya ta bayan fage ba. In yana son ya san wani abu, ya tambayi Maman Yisa. Na ce wannan wane irin zance ne, mutumin da ya fi mu duka sanin ciwon shi za a bari a waje, ni da ko sunan allura ban sani ba sai ta ɗinki? Siddiq ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya yarda, kuma ya rantse.

Likitar sunanta Magdalene, wata doguwa mai saurin magana, ta san Siddiq tun suna makaranta. Hausarta irin ta cikin gari ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Da ta gama duba Altine ta cire safar hannu, ranta a ɓace, ta ce, "Mama, yaronka shi ne yana koya wa mutane wannan abu. Me ya sa bai kawo ka tun da wuri ba?"

Na buɗe baki zan yi bayani, Altine ta riga ni. Ta ce ya faɗa, ya kuma maimaita, har a rediyo ya faɗa, ita ce mai taurin kai. Ta ce kada likita ta ga laifinsa, kuma kada ta gaya wa abokan aikinsu wani abu da zai sa a yi masa kallon wanda bai kula da gida ba. A iya sanina wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a kansa. Likita ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Aka ɗibi naman da wata allura mai kauri, aka aika inda aka yi alkawari, aka kuma tura mu ɗaukar hotunan ƙirji da ciki.

Makonnin jiran ba su yi daɗi ba. Altine ta ci gaba da zama a gindin mangwaro, amma ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Ban damu ba, na ce ta yi fushin tana raye. Siddiq yana zuwa duk Asabar, ya zauna a shagona yana kallon titi. Wani gidan rediyon ya sake gayyatarsa, ya ce ba shi da lokaci. Na ce masa wannan ba daidai ba ne, akwai matan da suka je asibiti saboda maganarsa, biyu ma na san su. Ya ce ya sani, amma in ya tuna makirufo sai ya ji bakinsa ya bushe.

Ranar sakamako muka tafi mu huɗu a keke napep biyu, don ba za ta zauna kujera ɗaya da shi ba. Ya tsaya a waje, wajen da masu keke ke jira. Likita Magdalene ta leƙa ta taga ta hango shi, ta ce a kira shi mana, shi zai fi gane abin da ke rubuce, su yi magana ta aiki. Zakiyya ta je ta dawo ta ce ya ce a yi haƙuri. Likita ta girgiza kai, ta juyo ta yi mana bayani a hankali. Sankara ce. Ta kai ƙullutan hammata, amma hotuna ba su nuna ta a huhu ko hanta ba. Za a fara da ƙarin ruwan magani na wasu watanni don ta ragu, gashi zai zube, jiki zai wahala, sannan a yi aiki a cire maman. Ta ce akwai fata, amma ba za ta yi mana alkawari ba. Ta faɗi wasu sunaye da Turanci na nau'in ciwon, na yi ƙoƙarin riƙe su, suka zube kafin in kai ƙofa. Altine ta ce Allah ya sa kaffara ce, ta tambaya ko za ta iya ci gaba da dama fura. Ni kuma na yi tambaya ɗaya da ta daɗe tana cina, likita ta ba ni amsa ba tare da ta kalli Altine ba.

Na bar su wajen karɓar magani na fita wurinsa. Yana ganina ya taho. Na gaya masa abin da na iya riƙewa. Ya tambaye ni nau'in, ko ta ce mai jin maganin haɗiya ne ko wanda ba ya ji, na ce ta faɗa amma ban kama ba. Ya tambayi ƙullutan hammata nawa ne, na ce ban sani ba. Ya ambaci wata kalma ya ce ko ita ce, ya ambaci wata, ni dai ban gane ko ɗaya ba. Ga taga can a buɗe, ga abokiyar karatunsa a zaune da takardar a gabanta, taku kaɗan ne tsakaninsu. Ya kalli tagar, ya kau da kai. Na ce ya bari in koma in ce ta rubuta mini, ya ce rubutun ma sakamako ne, kuma ya rantse.

Masu keke suna ta kiran fasinjan Tunga da Mobil. Sai ya ce, "Mama, kin tambayi likita yadda abin zai kasance da a bara aka zo, lokacin yana kamar gyaɗa?"

Na ce na tambaya.

"To kada ki faɗa mini," ya ce. "Wannan na sani."